Wimbledon: Yadda Ɗan Wasa Zai Fi Cin Maki Kuma Kofi Ya Kuɓuce Masa

Ranar 14 ga Yulin 2019, a wasan ƙarshe na gasar tanis ta Wimbledon, a babban filinta da ke kudu maso yammacin Landan, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204. Federer ya ci gem 36, Djokovic ya tsaya a 32. Sau bakwai Federer yana karya sabis ɗin Djokovic, wato yana cin gem ɗin da Djokovic ke da bugun farawa, nasa kuwa sau uku kacal aka karya. Da aka tashi, bayan awa 4 da minti 57, Djokovic ne ya ɗaga kofin. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda mai yawan ƙwallo a raga shi ke tafiya da nasara, zai rantse an yi maguɗi. Babu maguɗin da aka yi. Haka aka gina wasan tanis tun asali, kuma duk mai son ya bi babbar gasa ta mako biyu ya ji daɗinta, daga nan ya kamata ya fara.

Lissafin hawa uku ne. Maki ke taruwa su ba da gem, gem su taru su ba da turmi, turmi su ba da wasan gaba ɗaya. A cikin gem ana ƙirga 15, 30, 40, na huɗu ya rufe. Idan aka yi kunnen doki a 40 da 40, sai wani ya ci biyu a jere kafin gem ya zama nasa. Turmi na wanda ya riga kai gem shida ne da tazarar biyu. In aka kai shida da shida sai a shiga raba gardama, a yi tseren maki bakwai, nan ma da tazarar biyu. A manyan gasa huɗu na duniya, wato ta Ostireliya, ta Faransa, Wimbledon da ta Amurka, maza sai sun ci turmi uku cikin biyar, mata biyu cikin uku. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, da zarar gem ya ƙare, makin da ke cikinsa ya mutu. Wanda ya cinye gem ba a taɓa shi ba, da wanda ya sha wuya na minti goma kafin ya ƙwace, ɗaya za a rubuta wa kowannensu. Turmin da aka ci 6-1 da wanda aka ci 7-6 duk turmi ɗaya ne. Federer ya share turmi na biyu da 6-1, ya ɗauki na huɗu da 6-4, rarar da ya tara a nan ba ta bi shi ko'ina ba. Djokovic ya ci turmi uku, dukkansu a raba gardama: 7-5, 7-4, 7-3. A mintunan da maki ya fi tsada hannunsa bai yi rawa ba.

Sannan babu agogo. A ƙwallon ƙafa ƙungiyar da ke gaba tana iya riƙe ƙwallo, ta ɓata lokaci, ta jira usur. A tanis dole ne ka ci maki na ƙarshe da hannunka, abokin karawarka yana tsaye yana kallonka. A turmi na biyar na wancan wasa Federer yana gaba da gem 8 da 7, sabis a hannunsa, maki 40 da 15. Dama biyu ke nan ta rufe gasar, maki ɗaya kawai yake nema. Dukkansu suka wuce shi. Har yau magoya bayansa ba sa son a ambaci 40-15 a gabansu, kuma ina fahimtarsu ƙwarai, domin yana da shekara 37 a lokacin, bai kuma sake kai wa wasan ƙarshe na babbar gasa ba. Irin wannan ya sake faruwa a Paris a watan Yunin 2025. Jannik Sinner yana gaba da turmi biyu da ɗaya, gem 5 da 3, Carlos Alcaraz na sabis yana ƙasa da 0-40. Dama uku a jere. Alcaraz ya tsallake su duka, ya dawo ya ci wasan bayan awa 5 da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar Faransa.

Da wannan a zuciya, kallon wasa yakan canza. Abu na farko da ido zai nema shi ne wa ke sabis. A kan ciyawa manyan 'yan wasa maza ba kasafai ake karya musu sabis ba, saboda haka 3-3 ko 4-4 ba labari ba ne, kowa ya riƙe nasa ke nan. Labarin yana farawa ne idan mai sabis ya tsinci kansa a 15-30 ko 30-30, ya kuma ɓarar da bugunsa na farko. Yana da bugu na biyu, amma in ya ɓarar da shi ma maki ya tafi kyauta, don haka yakan rage ƙarfi ya ƙara murɗa ƙwallon don ta faɗa ciki. Mai tarba ya san haka, sai ka ga ya matso gaba. A nan ake gane ɗan wasa. Wani zai ji tsoro ya tura ƙwallon a hankali a narke shi da ita, wani zai rufe ido ya buga na biyu kamar na farko. Turmi guda na minti hamsin yana iya rataya a kan irin wannan maki biyu ko uku. Wanda ke bin sakamako a waya, ba ya ganin hoto, zai iya jin zafin wasan in ya san waɗannan lambobin: da ya ga 30-40 ya san wani na cikin matsi, da ya ga an karya sabis a 4-4 ya san turmin ya kusa tafiya.

Ƙasan da ake takawa ita ce abu na biyu. Wimbledon, wadda aka fara a 1877, ita kaɗai ta rage a cikin manyan huɗun da ake bugawa a kan ciyawa. Ta Faransa a kan jar ƙasa ta niƙaƙƙen bulo ake yinta, ta Ostireliya da ta Amurka a kan daɓe mai tauri. A jar ƙasa ƙwallo takan ci birki ta yi tsalle sama, mai karewa ya samu lokacin isa gare ta, a yi ta musayar bugu har sai wani ya gaji. A ciyawa takan zame ta tafi ƙasa-ƙasa, ɗan wasa ya yini a durƙushe, takunsa gajere-gajere don kada santsi ya kwashe shi. Mai sabis mai ƙarfi, da mai iya yanka ƙwallo ta kwanta, da mai ƙarfin halin zuwa gaban raga, nan ne gidansu. Shi ya sa Rafael Nadal ya ci gasar Faransa sau 14 amma Wimbledon sau biyu, a 2008 da 2010, Federer kuwa ya ci Wimbledon sau takwas, Faransa sau ɗaya tak.

Ciyawar kanta ba ta tsaya yadda take a da ba. A 2001 masu filin suka koma shuka iri guda mai jure taku, ana aske ta a bar tsawon milimita 8, ƙasan ya ƙara ƙarfi, ƙwallo ta riƙa tashi fiye da da. A zamanin Pete Sampras, gwanin shekarun 1990, hanyar cin Wimbledon ita ce ka buga sabis ka ruga gaban raga. Yanzu daga layin baya ake yawancin yaƙin. Hotunan filin ma sun isa shaida: a tsofaffin wasanni za ka ga hanya ta fito daga baya zuwa raga inda ƙafafu suka cinye ciyawa, a na yanzu kuwa bakin layin baya ne ke zama fako. Kuma filin ranar Litinin ta farko daban yake da na ranar Lahadin ƙarshe. A kwanakin farko ciyawa ɗanya ce, mai santsi, ana yawan faɗuwa. Zuwa mako na biyu ta bushe, ƙasa ta bayyana, ƙwallo tana tashi, masu wasan baya sun samu wurin kafa ƙafa. Gwanin jar ƙasa da ya tsira daga makon farko yakan zama abin tsoro a na biyu.

Tsirar ce ke da wuya. Mako uku ne kawai tsakanin ƙarshen gasar Faransa da farkon Wimbledon, kafin 2015 ma biyu ne. Ɗan wasa ya shafe wata biyu yana zamiya a jar ƙasa, sai a ce ya sauya taku cikin 'yan kwanaki, wataƙila da ƙaramar gasa ɗaya ta gwaji a Queen's ta Landan ko Halle ta Jamus. A 2025 Coco Gauff ta ɗauki kofin Faransa, bayan mako uku Dayana Yastremska ta fitar da ita a zagayen farko na Wimbledon. A wannan zagayen aka yi waje da Jessica Pegula da Alexander Zverev, kowannensu na uku a jerin manyan 'yan wasan da aka ware a ɓangarensa, aka haɗa da Daniil Medvedev. A ganina kwana ukun farko na Wimbledon sun fi na kowace gasa daɗin bi, saboda manya ba su gama zama daram ba, ƙanana kuma ba su da abin asara.

Wannan ya kawo mu ga jadawali. Mutum 128 ne ke shiga ɓangaren maza, 128 ɓangaren mata, kuma faɗuwa ɗaya ce, ba a dawowa. Wanda zai ɗauki kofi sai ya ci wasa bakwai a jere. Kusan 104 suna shiga ne kai tsaye da matsayinsu a jerin duniya, 16 suna fitowa daga wasannin share fage da ake yi a Roehampton, cikin Landan, mako guda kafin gasar, inda sai mutum ya ci wasa uku, sauran guraben kuma na alfarma ne, masu gasa ke bai wa wanda suka ga dama. Kada a raina gurbin alfarma: da shi Goran Ivanisevic ya shiga a 2001 yana na 125 a duniya, ya fita da kofin. Daga cikin 128 ɗin ana ware manya 32 a rarraba su, ta yadda ba za su haɗu da juna ba sai zagaye na uku. Na ɗaya yana can saman takarda, na biyu yana can ƙasa, ba za su gamu ba sai a wasan ƙarshe. Sauran ƙuri'a ce, ana jefa ta ranar Juma'ar da ke gaban gasar.

Mai bin gasa da gaske a ranar Juma'ar nan yake fara aiki. Zai duba hanyar gwaninsa: wa ke jiransa a zagaye na uku, wane mai sabis ne da ba a ware ba ya faɗo kusa da shi, wane ɓangare ne ya cika da manya, wanne ne ya yi sako-sako. Sannan kowace rana zai riƙa lura da abin da allon sakamako ba ya nunawa, wato awa nawa kowa ya kwashe a fili. Mutum biyu za su iso wasan kusa da na ƙarshe, ɗaya bai rasa turmi ko ɗaya ba, ɗayan ya yi turmi biyar sau biyu. A takarda daidai suke, a cinya da gwiwa akwai bambanci. Kevin Anderson na Afirka ta Kudu misali ne mai ban tausayi. A 2018 ya doke Federer da 13-11 a turmi na biyar, ya zo ya doke John Isner da 26-24 a turmi na biyar, wasan da ya ci awa 6 da minti 36. Da ya iso wasan ƙarshe babu sauran ƙarfi a jikinsa, Djokovic ya cinye turmi biyun farko da 6-2, 6-2.

Wasan nan na Anderson da Isner shi ya sa aka taɓa doka. A da, turmin ƙarshe a Wimbledon ba shi da raba gardama, sai wani ya ba da tazarar gem biyu ko da za a kwana. A 2010 an kwana ɗin kuwa: Isner da Nicolas Mahut sun yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmi na biyar ya ƙare 70-68. A 2019 aka ce in an kai 12-12 a raba gardama, abin da ya sa wasan Federer da Djokovic ya tsaya a 13-12. Daga 2022 manyan gasa huɗun suka daidaita a kan doka ɗaya: turmin ƙarshe in ya kai 6-6, a yi tseren maki goma. Akwai masu kewar tsohon tsari, ina kuma gane abin da suke kewa, amma ina tare da sabon. Wasan da zai bar mai nasara ba ya iya tsayuwa a zagaye na gaba ya cuci gasar baki ɗaya. Isner ɗin ma, washegarin 70-68, cikin ɗan lokaci aka fitar da shi.

Sa'a ma tana da nata kason, kuma bai kamata a ɓoye ba. A zagaye na huɗu na 2025 Grigor Dimitrov yana gaban Sinner da turmi biyu babu ko ɗaya, yana buga wasan da ya fi kowane kyau a shekarunsa na baya-bayan nan, sai tsokar ƙirjinsa ta yage a wajen sabis, ya fita yana hawaye. Bayan kwana shida Sinner ya doke Alcaraz a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ci Wimbledon. Ya cancanci kofinsa, musamman ga mutumin da mako biyar kafin nan ya ga dama uku sun zube a Paris. Amma wanda ya kalli wasan ƙarshe kaɗai bai san ta wace ƙofa aka bi aka zo nan ba.

Bambancin turmi biyar da uku yana bayyana wani abu da mutane ke yawan tambaya. Daga 2003 zuwa 2022 mutum huɗu ne kawai suka ci Wimbledon ta maza: Federer, Nadal, Djokovic da Andy Murray. A ɓangaren mata kuwa, daga 2017 zuwa 2025 kowace gasa da sabuwar gwana: Muguruza, Kerber, Halep, Barty, Rybakina, Vondrousova, Krejcikova, Swiatek. Wasu sukan ce ai mata ba su da tsayayyiya. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Martina Navratilova ta ci gasar sau tara, Serena Williams sau bakwai, duk a tsarin turmi uku. Abin da ke akwai shi ne gajeren wasa yana bai wa ƙaramin ɗan wasa dama: in hannunsa ya yi zafi na awa ɗaya da rabi, ya gama da babba kafin babban ya farfaɗo. A turmi biyar sai ya riƙe wannan zafin na awa uku ko huɗu, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Djokovic ya sha dawowa daga turmi biyu a ƙasa. Da dokar mata ake yi masa, da waɗannan duk faɗuwa ce. Gajeren wasa yana da nasa rashin tausayin. A wasan ƙarshe na 2025 Iga Swiatek ta doke Amanda Anisimova 6-0, 6-0 cikin minti 57, abin da ba a gani ba a wasan ƙarshe na Wimbledon tun 1911. Fargaba ta kama Anisimova, kafin ta sake ta an gama. Ba a yi wata biyu ba ta doke Swiatek ɗin a gasar Amurka.

Akwai wata gasar da ke gudana a ƙarƙashin wadda ake nunawa a talabijin, ita ce ta neman abinci. A 2025 Wimbledon ta raba fam miliyan 53.5. Zakara ya ɗauki miliyan 3, mace da namiji daidai, daidaiton da sai a 2007 aka samu a nan bayan matsin da Venus Williams da wasu suka yi, alhali gasar Amurka ta fara tun 1973. Wanda aka fitar a zagayen farko ya tafi da fam 66,000. Ga mai karatu wannan kuɗi ne mai yawa, kuma haka ne. Sai dai ɗan tanis ba shi da ƙungiyar da ke biyansa albashi. Shi ke biyan kocinsa, da mai duba lafiyar jikinsa, da kuɗin jirgi da masauki a ƙasashe daban-daban kusan duk shekara, ga haraji. In ya ji ciwo babu abin da ke shigowa. Ga wanda ke wajen na ɗari a duniya, shiga manyan gasa huɗun nan shi ke riƙe shekararsa. Saboda haka wasan zagaye na ƙarshe na share fage a Roehampton, gaban 'yan kallo kaɗan, yana iya fin wasan babban fili nauyi ga masu buga shi.

Makin matsayi ma haka. Zakara yana samun 2,000, wanda ya faɗi a zagayen farko 10, kuma makin yana zama ne na mako 52 sannan ya zube. Wanda ya kai nesa bara yana shigowa bana da bashi a wuyansa: in bai maimaita ba, matsayinsa zai rufto, ya rasa wariyar da ke kare shi daga manya a zagayen farko. Ba ƙungiyoyin 'yan wasa na ATP (ta maza) da WTA (ta mata) ke shirya manyan gasa huɗun ba, kowace tana da masu ita, kuma wani lokaci sukan yi karo. A 2022 Wimbledon ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga saboda yaƙin Yukiren, ƙungiyoyin biyu suka mayar da martani da cire makin gasar gaba ɗaya. Djokovic ya ci kofin amma matsayinsa ya sauka, domin makin bara ya zube babu na maye gurbi. Elena Rybakina, haifaffiyar Mosko mai wakiltar Kazakistan, ita ta ci na mata, ba ta samu maki ko ɗaya ba.

Wimbledon tana da al'adunta da ke shafar yadda ake binta. Fararen kaya dole ne. Zakaran maza na bara shi ke buɗe babban fili ranar Litinin, ta mata ranar Talata. Ana canza ƙwallaye bayan gem bakwai na farko, daga nan duk bayan tara, kuma sabuwar ƙwallo ta fi gudu, don haka mai sabis da ita yana da ɗan rinjaye. An sa wa babban fili rufi a 2009, fili mai lamba ɗaya a 2019, amma sauran filayen ruwan sama na tsayar da su, jadawali ya cakuɗe, ƙaramin ɗan wasa ya buga kwana biyu a jere yayin da babba ya gama nasa a ƙarƙashin rufi ya je ya huta. Ƙarfe 11 na dare kuma dole a tsaya saboda mazauna unguwar, ko da wasa ya kai maƙura. A 2025 aka sallami alƙalan layi, na'ura ta karɓi aikin faɗin ko ƙwallo ta fita. Na'urar ta fi idon mutum daidai, wannan ba abin musu ba ne, ko da yake a wasan Sonay Kartal da Anastasia Pavlyuchenkova an kashe ta bisa kuskure, ƙwallo ta fita fili ba a kira ba. Abin da na yi rashi shi ne ƙalubalantar hukunci, lokacin da ɗan wasa zai ɗaga hannu, 'yan kallo su riƙa tafi suna jiran allo ya nuna inda ƙwallo ta sauka. Yanke shawarar yaushe za ka ƙalubalanta wani ɓangare ne na dabarar wasan, yanzu babu shi.

Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar, Wimbledon ce mafi sauƙin bi a cikin huɗun. A lokacin bazarar Turawa agogon Landan da namu ɗaya ne. Ƙananan filaye suna farawa ƙarfe 11 na safe, babban fili da ɗaya da rabi na rana, a ƙare kafin tsakar dare. Gasar Ostireliya cikin dare da asuba take zuwa mana, manyan wasannin Amurka kuma sai an raba dare. Matsalar ita ce gidajen kallo na ƙwallon ƙafa ne, da wuya mai gida ya juya akwatinsa zuwa tanis, don haka yawancin masu sha'awa a waya suke bi, maki bayan maki, su nemi taƙaitaccen bidiyo daga baya. Shawarata ga mai farawa ita ce ya zaɓi mutum biyu tun ranar ƙuri'a, babba ɗaya da wani wanda ya fito daga share fage, ya bi su duk inda suka shiga. Ta wurin babban zai ga yadda ake tattalin ƙarfi don mako na biyu, ta wurin ƙaramin zai ga abin da cin wasa ɗaya ke nufi.

Muna da namu tarihin a filin nan, ko da yake ya yi nisa. A 1983 Nduka Odizor, ɗan Legas, ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko, ya kai zagaye na huɗu, inda Chris Lewis na New Zealand, wanda ya je har wasan ƙarshe a shekarar, ya tsayar da shi. Dalilin da ya sa irin wannan ya yi ƙaranci yana komawa ne ga lissafin kuɗin da aka yi a sama. Yaro mai hazaƙa a Kano ko Kaduna yana bukatar makin duniya kafin ya shiga kowace gasa, makin kuwa ana samunsa ne a ƙananan gasa da akasarinsu ke Turai da wasu nahiyoyi, kuma iyayensa ne za su biya jirgi da masauki shekara da shekaru kafin tanis ta mayar da ko kwabo.

Shi ya sa tafiyar Ons Jabeur ta Tunisiya ta taɓa mutane da yawa a wannan nahiya. A 2022 ta zama Balarabiya ta farko da ta kai wasan ƙarshe na babbar gasa, kuma 'yar Afirka ta farko tun da aka buɗe gasannin ga ƙwararru a 1968. Wasan ya faɗo ranar Asabar 9 ga Yuli, ranar Babbar Sallah. Salon wasanta na ciyawa ne sosai: yankan ƙwallo, sauya gudu, da ɗan bugun nan da ke sauke ƙwallo dab da raga ta mutu a wurin. Ta ci turmin farko 6-3, sai sabis ɗin Rybakina ya zauna, ta kwashe biyun da suka rage 6-2, 6-2. A 2023 Jabeur ta dawo ta hanya mafi wuya, ta doke Petra Kvitova, ta rama a kan Rybakina, ta fitar da Aryna Sabalenka, ta iso wasan ƙarshe kowa na ganin ranarta ce. Abokiyar karawarta, Marketa Vondrousova, ba ta ma cikin 32 da aka ware. A turmi na farko Jabeur ta karya sabis ta wuce gaba, a na biyu ma haka, kuma a duka biyun ta kasa riƙe nata sabis ɗin a gem ɗin da ake bukata. Aka tashi 6-4, 6-4, Vondrousova ta zama mace ta farko da ba a ware ba da ta ci Wimbledon, Jabeur kuma ta karɓi farantin ta biyu tana kuka a shekara ta biyu a jere.